Wa'adin Yanke Shawara a Kan Masu Neman Tallafin Gwamnati: Nazarin Dokokin Amurka da Abin da Ke Biyo Bayan Saɓa Su

Tsakure

Wannan takarda ta dubi wa'adin da doka ke yanka wa hukumomin gwamnati domin su faɗa wa wanda ya nemi tallafi ko ya cancanta ko bai cancanta ba. An ɗauki Amurka a matsayin fagen nazari saboda an daɗe ana kai ruwa rana a kotunanta a kan wannan batu, tun daga farkon shekarun 1970. An bibiyi ƙa'idojin tallafin abinci da na lafiya da na naƙasassu, tare da hukunce-hukunce biyu na Kotun Ƙoli, sannan aka leƙa Holan da Jamus da Indiya domin ganin irin horon da suka tanadar wa hukuma mai jan ƙafa. Matsayar takardar ita ce, yawan kwanakin da aka rubuta a doka bai kai tambayoyi biyu muhimmanci ba: daga yaushe ake fara ƙirga su, kuma wa ke ɗaukar asara idan sun cika ba a yi komai ba.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya kai takardar neman tallafi ofishin gwamnati, ɗaya daga cikin abu uku zai same shi. Ko a ce ya samu, ko a ce bai samu ba, ko a yi masa shiru. Biyun farko doka ta san da zamansu: wanda aka ba zai je ya karɓa, wanda aka hana yana da takarda a hannu da zai ɗauka ya ɗaukaka ƙara. Na ukun ne ba shi da madafa. Ba a hana shi ba balle ya kai kuka, ba a ba shi ba balle ya sayi abinci. Kullum amsar ɗaya ce, ana kan dubawa.

Jinkiri a sha'anin tallafi ya sha bamban da jinkiri a sauran ayyukan hukuma. Ɗan kasuwan da lasisinsa ya makara riba ce ta wuce shi, kuma ana iya lissafa ta. Mai neman tallafin abinci kuwa, abin da ya sa ya cancanta tun farko shi ne ba shi da abin da zai yi jira da shi. Kuɗin watan Janairu da aka biya a watan Yuni bai ciyar da kowa a Janairu ba. Kafin ya iso an ci bashi da ruwa, an sayar da ɗan abin da ake da shi, wataƙila ma mai gidan haya ya fitar da kayan iyali waje. Kotun Ƙolin Amurka ta yarda da wannan a 1970, a shari'ar Goldberg da Kelly, inda Mai Shari'a William Brennan ya bayyana cewa yanke wa mabuƙaci tallafi kafin a saurare shi na iya raba shi da abin da zai rayu da shi a lokacin jira, kuma fafutukar neman abin kaiwa bakin salati za ta hana shi sukunin bin haƙƙinsa. Waccan shari'a ta shafi wanda ake ba ne aka yanke masa. Amma hujjar ta hau kan sabon mai nema daram, ga shi kuma bai samu kariya irin ta wancan ba.

Amurka ta dace da wannan nazari saboda shirye-shiryenta ba su yi tafiya ɗaya ba. A wasu an rubuta adadin kwanaki ƙarara. A wasu doka ta ce a yi cikin hanzarin da ya dace, ta bar wa ƙa'idojin ma'aikata su fayyace. A shirin naƙasassu na tarayya kuwa babu wa'adi ko kaɗan. Ƙasa ɗaya, kotuna ɗaya, sakamako daban-daban. Wannan ya ba mai nazari damar ganin abin da wa'adi ke yi da abin da ba ya iya yi.

2.0 Inda aka rubuta kwanaki

Zan daɗe a kan shirin tallafin abinci na SNAP, wanda mutum kimanin miliyan 40 ke cin gajiyarsa, domin a ganina babu ƙa'idar da aka tsara da lura kamar tasa. Gwamnatin tarayya ce ke biyan kuɗin abincin, jihohi ke karɓar takardu su tantance. Dokar shirin ta 1977 ta ba jiha kwana 30 ta yanke shawara. Ga wanda ke cikin matsanancin hali an rage zuwa kwana 7: gidan da abin da ke shigo masa a wata bai kai dala 150 ba kuma tsabar kuɗin da ke hannunsa bai wuce dala 100 ba, ko gidan da kuɗin hayarsa da na wuta da ruwa suka fi duk abin da ya mallaka a watan.

Lambobin nan kowa na iya rubuta su. Hikimar tana cikin abin da aka kewaye su da shi. A ɗauki mace da ta shiga ofis da rana tsaka, ba ta zo da takardar albashinta na ƙarshe ba, ba ta zo da rasit ɗin haya ba. Ma'aikaci ba shi da ikon ce mata ta je ta haɗo takardu ta dawo. Muddin fom ɗin na ɗauke da sunanta da adireshinta da sa hannunta, dole a karɓa a ranar, kuma daga ranar aka fara ƙirga. Sauran takardun a biyo da su daga baya, an ba ta aƙalla kwana 10 ta kawo. Idan tana cikin masu buƙatar gaggawa, tabbatar da ko ita wace ce kawai ake buƙata kafin biyan farko, sauran bincike ya jira. A ɗaya ƙarshen kuma, wa'adi bai cika da sa hannun jami'i a fayil ba. Sai katin sayen abinci ya shiga hannunta da kuɗi a ciki. Sannan lissafin abin da za a ba ta yana farawa ne daga ranar da ta nema, don haka jihar da ta yi jinkiri ba ta rage ko kwabo daga abin da za a biya ba.

A lura da abin da aka toshe. Hukumar da aka ba wa'adi tana da hanyoyi biyu masu sauƙi na kuɓuta: ta jinkirta fara ƙirga da cewa takardu ba su cika ba, ko ta gaggauta rufe ƙirga da cewa an amince alhali kuɗi bai fita ba. Duk dokar da ta ce kwana 30 daga ranar da aka karɓi cikakkun takardu ta miƙa agogon ga wanda ake so a ɗaure da shi, domin shi ne mai cewa sun cika ko ba su cika ba.

Shirin lafiya na marasa ƙarfi, Medicaid, yana da kwana 45, ko kwana 90 idan neman ya dogara a kan naƙasa. Ƙa'idarsa ta ƙara wani gargaɗi da ya kamata duk mai tsara doka ya haddace: an hana hukuma mayar da wa'adin lokacin jira, wato ta ajiye fayil sai ranar ƙarshe, an kuma hana ta ƙin amincewa da mutum don kawai wa'adin ya cika ba ta gama aikinta ba. Tallafin waɗanda suka rasa aiki kuwa ma'auninsa na jimla ne: Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana sa ran jiha ta fara biyan kashi 87 cikin ɗari na masu nema cikin kwana 14 ko 21, gwargwadon tsarin jihar. Irin wannan ma'auni yana da amfani ga mai sa ido, amma bai ce komai ba game da sauran kashi 13, waɗanda galibi su ne masu matsala mai sarƙaƙiya.

3.0 Ribar jinkiri: shari'ar Edelman da Jordan

A 1971 John Jordan ya shigar da ƙara a madadin kansa da ire-irensa a kan jami'an jihar Illinois. Ƙa'idar tarayya a lokacin ta ce a yanke shawara cikin kwana 30 ga tsofaffi da makafi, kwana 45 ga naƙasassu. Takardarsa ta kusa wata huɗu ba a taɓa ta ba. Abin da ya fi jinkirin muni shi ne tsarin biyan jihar: tallafi na farawa ne daga watan da aka amince, watannin jira sun tafi ke nan. Kowane wata da fayil ya kwana a kan tebur, kuɗi ne ya rage a baitulmalin jiha.

Kotun farko ta umarci jihar ta riƙa bin wa'adi, ta kuma biya mutane abin da aka danne musu a baya. A watan Maris na 1974 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta soke ɓangare na biyu. Mai Shari'a William Rehnquist ya kafa hujja da gyara na 11 na tsarin mulki, wanda ke kare jiha daga ƙarar neman kuɗi a kotun tarayya: ana iya tilasta wa jami'an jiha su gyara halinsu nan gaba, amma ba za a sa hannu a baitulmalin jiha don biyan bashin baya ba. Mai Shari'a Thurgood Marshall, a ra'ayinsa na rashin amincewa, ya nuna inda gizo ke saƙar. Idan babu biyan bashin baya, jami'an jiha ba su da abin asara in sun saɓa doka, sai ma riba, har ranar da wani ya kai su kotu.

Ana karantar da wannan shari'a a darasin dangantakar tarayya da jihohi, kuma nan ne ta yi suna. Ni abin da na ɗauka daga cikinta na lissafi ne. Wa'adin yana nan a rubuce, kowa ya yarda an saɓa shi, kotu ta tabbatar da haka, amma waɗanda aka zalunta ba su samu komai na watannin da suka wuce ba. Kafin a tambayi kwana nawa doka ta bayar, a fara tambayar daga wace rana ake lissafin kuɗin. Inda amsar ta zama ranar amincewa, an ɗora wa mabuƙaci harajin jan ƙafar hukuma.

4.0 Inda babu wa'adi: shari'ar Heckler da Day

Shirin tallafin naƙasassu na tarayya, wanda hukumar walwalar jama'a ta tarayya, SSA, ke gudanarwa, yana da matakai huɗu kafin a kai kotu: shawarar farko, sake dubawa, sauraro a gaban alƙalin hukuma, sai majalisar ɗaukaka ƙara. A kowane mataki an ba mai nema kwana 60 ya ɗaukaka, in ya wuce ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba an rufe masa ƙofa. Ita hukumar babu ranar da aka yanka mata.

Leon Day, mutumin jihar Vermont, ya jira kwana 167 kafin a sake duba batunsa, ya ƙara jiran kwana 173 kafin a saurare shi. Ya shigar da ƙara a 1978. Kotun tarayya ta yankin ta ga jinkirin ya wuce hankali, sai ta yanka kwana 90 ga sake dubawa, kwana 90 ga sauraro, ta kuma ce a fara biyan mai nema na wucin gadi idan hukuma ta zarce. A watan Mayu na 1984 Kotun Ƙoli ta rushe umarnin, nan ma 5 a kan 4. Hujjar Mai Shari'a Lewis Powell ita ce majalisar dokoki ta sha tattauna sanya wa'adi tun tsakiyar shekarun 1970 tana fasawa, saboda tsoron kada gaggawa ta ɓata ingancin hukunci, don haka bai kamata kotu ta yi abin da majalisa ta ƙi yi da saninta ba. Abin lura, gwamnati ba ta musanta cewa doka na buƙatar a saurari mutum cikin lokacin da ya dace ba, kuma an saɓa hakan. An yarda da laifi, an hana magani na bai-ɗaya.

Bai kamata a raina tsoron majalisar ba. Tantance naƙasa aiki ne mai wuya: sai an tattaro bayanan asibitoci, wani lokaci a tura mutum wurin likita na daban, a auna irin aikin da zai iya da shekarunsa da iliminsa. Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa, kuma hukuncin da aka yi cikin rawar jiki yakan dawo ta ƙofar ɗaukaka ƙara ya ci ninkin lokacin. Amma hujjar ta ginu ne a kan zaton cewa lokacin da ake ɗauka lokacin tunani ne. Da wuya a ce akwai jami'in da ya kwashe kwana 167 yana nazarin fayil ɗin Day. Mafi yawan kwanakin fayil yana layi ne, yana jiran a kai gare shi, kuma zaman layi ba ya ƙara wa hukunci inganci ko ƙanƙani. Abin da ke sa layi tsawo shi ne ƙarancin ma'aikata da alƙalai, wato shawarar kasafin kuɗi. Majalisar da ta ƙi sa wa'adi ta kuɓutar da kanta ne daga dole ta ba da kuɗin cika shi.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A shekarar kuɗi ta 2017 matsakaicin jiran hukuncin alƙalin hukuma ya kai kwana 605. A 2020 ofishin binciken kuɗi na majalisa, GAO, ya ba da rahoton cewa tsakanin 2008 da 2019 mutum sama da 100,000 sun rasu suna jiran sakamakon ɗaukaka ƙararsu, kuma kimanin 48,000 sun ayyana karayar arziki tsakanin 2014 da 2019 suna cikin jira. Gaskiya ne a wannan shiri ana biyan bashin baya ga wanda ya yi nasara, don haka matsalar Illinois ba ta taso ba. Sai dai ana biya ne ba tare da ƙarin ko sisi na jinkiri ba, kuma wanda ya riga mu gidan gaskiya bai ga komai ba. Biyan bashin baya yana cire wa hukuma ribar jinkiri, amma bai sa jinkirin ya yi mata ciwo ba.

5.0 Idan wa'adi ya juya kan mai nema

Akwai haɗarin da masu goyon bayan wa'adi, har da ni, ya wajaba mu fuskanta. Abin da ake aunawa shi ne rufe fayil, kuma hanya mafi sauri ta rufe fayil ita ce a ce a'a.

Jihar Missouri ta ba da misali. Ƙa'idar SNAP ta wajabta a yi hira da mai nema kafin a amince, kuma jihar ta dogara a kan layin waya. Mutane suka riƙa kira suna shafe sa'o'i a layi, ko wayar ta katse, har kwana 30 su cika. A ranar ta talatin sai a ƙi amincewa da su bisa dalilin ba su yi hira ba. A takarda an yanke shawara a kan lokaci. A watan Mayu na 2024 alƙalin kotun tarayya Douglas Harpool ya yanke hukuncin cewa wannan tsari ya saɓa dokar tarayya, kuma ya tauye wa masu nema haƙƙinsu. Ka ga wa'adin da aka yi don kare mabuƙaci ya zama wuƙar yanka shi, saboda an ɗora masa laifin da na hukuma ne.

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka ta nuna wata fuskar. Ta sa wa kanta burin kwana 125, ta kira duk fayil ɗin da ya wuce haka cunkoso. A watan Maris na 2013 irin waɗannan sun kai kimanin 611,000. Zuwa 2015 an sauko da su ƙasa da 100,000, kuma wannan aiki ne na a yaba. Amma a daidai lokacin ƙararrakin ɗaukakawa, waɗanda ba sa cikin ma'aunin, suka taru har suka haura 400,000, mutane na jiran shekaru, har sai da majalisa ta sake fasalin ɗaukaka ƙarar a 2017. Wa'adin da ya tsaya a mataki ɗaya yakan tura jiran ne zuwa matakin da ba a kallo. Shi ya sa duk rahoton cika wa'adi da bai zo tare da adadin waɗanda aka hana, da dalilin hanawar, da yawan hukuncin da aka soke a sama ba, ban ɗauke shi shaida ba.

6.0 Me ke faruwa a rana ta 31?

A nan ne dokoki suka fi yin shiru. Kotunan Amurka sun daɗe a kan cewa hukuma ba ta rasa ikonta don ta wuce wa'adi, sai idan doka ta faɗi sakamakon. Haka Kotun Ƙoli ta yanke a 1986 a shari'ar Brock da Pierce County. Abin da ya rage wa mai nema shi ne ya kai ƙara a tilasta wa hukuma ta yi aikinta, kuma wanda ba shi da na abinci ba shi da na lauya. Idan ma ya yi nasara shi kaɗai, fayil ɗinsa ne aka ciro daga tsakiyar layi aka kai gaba, wani ya koma baya.

An gwada tara. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da umarnin da ya sa jihar North Carolina biyan dala 50 a kowane mako ga mai neman da aka jinkirta wa ba bisa dalili ba, bayan shekaru ana ba jihar umarni tana saɓawa. Holan ta mayar da wannan doka ta gama-gari a 2009: idan wa'adi ya wuce, mai nema ya rubuta takardar gargaɗi, bayan mako biyu tara ta fara hawa kullum har kwana 42, kuma a ƙimar da aka sa tun 2019 ba ta wuce yuro 1,442. Tsarin ya ba talaka makami ba sai da lauya ba. Rauninsa shi ne iyakar da aka sa wa tarar: bayan kwana 42 tarar ta daina ciwo, kuma hukumar da ke fama da ƙarancin likitoci masu tantancewa takan mayar da ita wani layi a kasafin kuɗi. Jihar Madhya Pradesh ta Indiya, a dokarta ta 2010, ta ɗora tarar a kan jami'in kansa, rupi 250 a kowace rana har zuwa 5,000. Ba na son wannan hanya sosai. Inda matsalar ta ƙarancin ma'aikata ce, cin tarar ƙaramin akawu hukunta wanda ba shi ya yi kasafi ba ne, kuma yana koya masa ya ƙi karɓar takarda tun daga ƙofa.

An kuma gwada ɗaukar shiru a matsayin amincewa. Jamus ta sa wannan a dokar inshorar lafiya a 2013: asusun inshora ya yanke shawara cikin mako uku, ko biyar idan sai an nemi ra'ayin likitoci, in ya wuce ba tare da bayani ba an ɗauka ya amince. A watan Mayu na 2020 babbar kotun harkokin walwala ta ƙasar ta taƙaita ma'anar: abin da mara lafiya ya samu shi ne damar ya biya da kansa sannan a mayar masa. Mai hali ya amfana, mara hali ya koma inda yake. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Umarnin shugaban ƙasa na 2017 da Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu yana muƙaddashi, da dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka rattaba wa hannu a 2023, sun tanadi cewa buƙatar da hukumar tarayya ba ta amsa cikin wa'adinta ba an ɗauka an amince da ita. An rubuta su ne da mai neman lasisi da rajista a zuciya. Ga shi kuwa shiru na iya zama lasisi, amma ba ya iya zama kuɗi a asusun tsohon ma'aikacin da ke bin garatuti; sai wani ya sa hannu an biya.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce biya na wucin gadi, wato maganin da kotun Vermont ta bayar Kotun Ƙoli ta soke. Abin mamaki, dokar Amurka ta san shi a wasu wurare. A shirin SSI na naƙasassu marasa ƙarfi, wanda naƙasarsa ta bayyana ƙarara, kamar wanda aka yanke wa ƙafa daga ƙugu ko makaho ɗungurungum, ana iya fara biyansa har wata shida kafin a gama tantancewa, kuma in daga baya aka ga naƙasar ba ta kai ba, ba a karɓe abin da ya ci. Medicaid tun 1986 ya ba jihohi damar fara kula da mai juna biyu bisa bayanin farko kafin a kammala bincike. Dokar walwala ta Jamus ta tanadi ba da wani abu a gaba idan haƙƙin ya tabbata kuma lissafin adadi ne ya tsaya, ta kuma ɗora ƙarin kashi 4 cikin ɗari a kan kuɗin da aka jinkirta bayan wata shida.

Fifikon wannan hanya shi ne ta warware rikicin sauri da inganci da ya tsayar da majalisa. Ba a ce wa jami'i ya yanke hukunci kafin ya gama bincike ba. An ce ya ɗauki lokacin da yake buƙata, amma daga ranar da wa'adi ya cika gwamnati ce ke biyan kuɗin jiran. Sukar da za a yi a bayyane take: za a biya wasu da ba su cancanta ba, kuma wasu za su nema don su ci na wucin gadin. Haka ne, za a yi wannan asara. Ana iya rage ta da dakatar da ƙirga a duk lokacin da mai nema ne ya ƙi kawo abin da aka nema a rubuce, da kuma karɓe kuɗin inda aka tabbatar da ƙarya. Sauran asarar kuma girmanta a hannun hukuma yake, domin ba ta tasowa sai an wuce wa'adi. Ma'aikatar kuɗi da ta ga biyan wucin gadi na hawa kowane wata za ta gane da kanta cewa ɗaukar ƙarin masu tantancewa ya fi arha, kuma wannan lissafi ne da ba ta da dalilin yi muddin mai nema ne ke jira a kyauta.

Abu ɗaya da mai tsara irin wannan doka zai yanke tun farko shi ne makomar kuɗin wucin gadi idan hukuncin ƙarshe ya zo da hani. In aka ce duka bashi ne, masu tsoron bashi, waɗanda su ne mafi rauni, za su ƙi karɓa, ko su karɓa su wayi gari gwamnati na bin su abin da suka riga suka ci. Tsarin SSI ya zaɓi yafewa inda kuskuren na tantance naƙasa ne, ya bar damar karɓewa inda matsalar ta kuɗin shiga ko dukiyar mai nema ce. Wannan rabo ya yi mini daidai, domin tantance naƙasa aikin hukuma ne, faɗin abin da mutum ya mallaka kuwa nasa ne.